Yaya Ali, Tsuntsayen Ba Naka Ba Ne

Zuwa ga yayana Aliyu, wanda mutanen Katanga suka sani da Ali Mai Raga, a duk garin da yake.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da duk wanda Allah ya sa kuke tare. Ni ce Rabi. Inna tana nan da ranta, sai dai jikin tsufa, kuma gwiwarta ta hagu ta fara ba ta wahala. Na fara da wannan ne don na san shi za ka fara nema.

Kada ka yi mamakin ganin rubutuna. Na shiga ajin yaƙi da jahilci na matan Aliero, kuma ban ɓoye wa malamarmu dalili ba. Na ce mata ina da wa da zan rubuta wa takarda, ba na son bakin wani ya shiga tsakaninmu. Ban san hannun mutum nawa za ta bi kafin ta iso gare ka ba. Duk wanda ya buɗe ya karanta bai yi laifi ba, don maganar nan a bainar jama'a aka fara ta.

Baƙin rani sun sauka a fadama tun ruwa bai gama janyewa ba. Ka san waɗanda nake nufi, ƙananan tsuntsayen nan na bakin ruwa masu siraran ƙafafu da dogon baki, masu zuwa mana da kaka su tafi da bazara, waɗanda ba wanda ya taɓa ganin sheƙarsu ko ƙwansu a ƙasarmu. Kwanan baya na je Katanga duba Inna, na ce mata zan leƙa maƙwabta, sai na tsinci kaina a bakin gulbi ina tsaye kamar wadda ta yar da wani abu.

Ga mutane duk tsuntsu ne, amma kai kowanne da sunan da ka raɗa masa. Akwai Mai Rausaya, ɗan ƙaramin nan mai farin ƙirji da ba ya tsayawa sai yana kaɗa gindi, in ya tashi kuma ya bi dab da ruwa kamar zai shafe shi. Akwai 'Yan Sauri, waɗanda ba su wuce gwara ba, masu gudu a kan laka suna caccaka kamar allurar keken tela. Akwai Mai Fito, mai dogayen ƙafafu, wanda in ya tashi sai fadama duka ta ji. Sai masu yawan, Ci-Shinkafa, masu sauka garke-garke a gonakin da aka girbe, namijin ya kusa biyun macen. Su ne abincinmu.

Na gan su duka ran nan. Na yi ta kiran sunayensu a zuci, ban manta ko ɗaya ba.

Ka tuna yadda muke a lokacin. Aurena na fari ya mutu, na dawo gida, Baba kuma ya riga ya rasu. Kai ke fita bayan sallar asuba da ragarka a kafaɗa da tarkunan gashin wutsiyar doki da kake murzawa da kanka. Kafin rana ta yi zafi ka dawo da kwando yana motsi. Ni in fige, in babbake, in wanke, in ɗauki kaskona in shiga mota zuwa tashar Jega. Direbobin albasa sun san ni. In bazara ta gabato, tsuntsayen sun tara kitsen tafiya, ko man gyaɗa ba na zubawa, da kansu suke soya kansu.

Ban taɓa ganin ka yanka biyu da bisimilla ɗaya ba. Kowanne sai ka fuskantar da shi gabas, ka ambaci sunan Allah, ka jira jinin ya tsane. Wanda ka tarar ya mutu a tarko kafin ka isa, sai ka tona laka ka binne shi. Ina yi maka tsiya ina cewa rana za ta faɗi muna kan kwando ɗaya, kai kuma ka ce, "Rai na, Rabi, ko da bai cika tahin hannu ba." Mai Rausaya kuwa in ya faɗa raga sakinsa kake yi. "Wanga ƙashi na da gashi," in ji ka, amma na san ba don haka ba ne, son sa kake.

Abin da ya rage bayan nawa, Malam Ɗan'ige kake kai wa, mahaucin nan mai tukuba a bakin kasuwar Jega. Yana tsire su a tsinke da yajin ƙuli. Shekara da shekaru kuna tare, har in ka makara yakan aiko a ji ko lafiya.

Sai shekarar da ta biyo bayan an ba mu jihar Kebbi. Samari suka yi ta kwarara Birnin Kebbi aikin gini, kai ka ce ba ka iya nisa da ruwa. A lokacin ne injinan ban-ruwa suka fara yawa, masu hali suka shiga noman shinkafar rani a fadamun Maiyama. Inda da ake samun busasshiyar ƙasa, sai ga ruwa kwance da sabon iri. Ci-Shinkafa suka bar mana Katanga suka koma can, kai ma ka ɗauki kekenka ka bi su har Sarandosa.

Wata rana ka dawo da kwando fayau, ka zauna a ƙofar madafa. Sai da na matsa maka ka ce ka tarar da su a zube a bakin wata gona, wasu sun mutu, wasu suna juyi a ƙasa da kumfa a baki, har da shirwar da ta ci ɗaya. Mai gonar ya jiƙa shinkafa da maganin ƙwari ya watsa. Ka ce ka je ka same shi, ya amsa maka ba da faɗa ba, ya ce ya zuba iri sun cinye, ya sake zubawa sun cinye, ko kai ne za ka ciyar masa da iyali? Sai ka roƙi buhu, ka bi gonar kana tsince su, ka kai bayan wani tudu ka tona rami ka binne, don kada karnuka da yara su same su.

Mutane sun gan ka kana tsince matattun tsuntsaye kana zubawa a buhu. Ba wanda ya bi ka bayan tudu.

Ba a yi mako ba abin ya faru. Ranar kasuwar Jega ce. Ina gaban kaskona da la'asar na ga mutane suna gudu wajen mahauta. Waɗanda suka ci tsiren tsuntsu a tukubar Malam Ɗan'ige sun kama amai da gumi, wani kwandasta ya faɗi a bakin mota. Manya duk sun tashi bayan jinya. Amma 'yarsa Nana, wadda ko famfara ba ta fara ba, an ɗauke ta za a kai asibiti, ba ta kai ba.

Na je gaisuwar. Kai ma ka je, ka zauna a tabarma kusa da shi, ka yi masa addu'a. A wurin ne wani ya tambaye shi ina ya samo tsuntsayen. Garba direba, wanda yake wurin, shi ya ba ni labari daga baya. Ya ce Malam Ɗan'ige bai ɗaga kai ba, ya ce, "Wa ka kawo min tsuntsu in ba Ali ba?"

Garba ya ce ka waiwaya ka dube shi kamar ba ka ji da kyau ba.

Ni na san ranar ba ka kai masa ko ɗaya ba. Tun abin da ka gani a Sarandosa ka daina zuwa can, ka koma gulbinmu, ɗan abin da ka samu ranar ni ka ba duka. Na soya, an saye, an ci, ba wanda ko ciki ya murɗa wa. Na faɗi haka a gaban mai gari da dattawa lokacin da aka kira ka. Na ce a kawo ragowar tsuntsayen in duba wuyansu, don wanda aka yanka da rai daban yake da wanda aka yanka bayan ya mutu, kuma a buɗe ƙundunsu a ga abin da suka ci. Aka ce an riga an zubar a gulbi. Wani dattijo ya ce, cikin lalama, shaidar ƙanwa ga wanta ba ta da nauyi. Sai ga mutum biyu daga wajen Sarandosa sun ce sun gan ka da buhu.

Ka ce a kawo Alƙur'ani ka dafa. Mai gari ya dubi Malam Ɗan'ige, mutumin da bai gama karɓar gaisuwar 'yarsa ba, ya ce ba za a kai ga rantsuwa ba, ba shaida ƙwaƙƙwara, a bar wa Allah. Ya yi nufin kashe wuta ne, na sani. Aka sallame ka ba ɗauri ba tara. Da ɗaure ka aka yi, wataƙila da ka gama ka fito an ce ya biya.

Ba a yi wata ba sunanka ya koma Ali Mai Mushe. Yara ke faɗa daga bayan danni su ruga. Manya ba su faɗa, sai dai in ka yi sallama a majalisa hira ta tsaya. Ni kaskona ya yini a kan wuta ba mai tambaya, direbobin da ke kirana da suna suka koma sayen rogo. Ban damu da nawa ba. Abin da ban manta ba shi ne ranar da ka dawo daga sallar magariba ka ce wa Inna, kana ɗan murmushi, wanda ke kusa da kai a sahu ya matsa ya bar tazara. Inna ta ce shaiɗan ne ya shiga tsakani, ka yi haƙuri. Ka ce, "Inna, ashe ni na shaiɗanin."

Ka ci gaba da fita bayan asuba, amma ba ka kafa tarko. Na bi ka wata rana daga nesa. Na same ka zaune a kan tudun yashi, raga a naɗe a gefenka, kana kallon 'Yan Sauri suna gudunsu. Ban ƙarasa wurinka ba, na juyo.

Ranar da ka tafi, da hantsi ne, a kan idon kowa, ba a ɓoye ba. Ka sha kunu a tsaye. Ka durƙusa ka gaida Inna ka ce za ka duba wani ruwa da aka ba ka labari. Ka tsaya a ƙofar madafa ka ce, "Rabi, ki riƙa duba itacen Inna, ba ta hwaɗin ya ƙare." Na ce to. Ban ko ɗaga kai sosai ba, ina tankaɗe. Na ɗauka kwana biyu za ka yi.

Bazara ce, fadama ta fara yin shiru. Mutane suka ce Ali ya bi tsuntsayensa. Da kaka ta zagayo suka dawo, Inna ta sa aka share ɗakinka, aka shanya tabarma. Haka take yi duk shekara har yau.

Tun daga nan ban ƙara zama daram ba, Yaya. Na bar suyar tsuntsu, dama ba mai saye, na koma ƙosai, amma ban bar tasha ba, don nan labari ke sauka. Duk motar da ta tsaya sai na tambaya. Mutum dogo, baƙi, mai tabon ƙugiya a gira, mai tafiya a hankali kamar yana tsoron tada wani abu. Har aka fara ce min Rabi Cigiya. Wani ya ce ya gan ka a Bagudo. Wani ya ce a Gaya ta ƙasar Nijar kana saƙa raga. Wani ya rantse ka yi gabas, wajen manyan fadamun da ba a ganin ƙarshensu. Wani kuma ya ce min in yi haƙuri in yi maka sadaka, na ce masa ya tashi daga gaban kaskona.

Garba direba ne bai taɓa gajiya da tambayata ba. Duk garin da ya kai albasa sai ya sauka ya je bakin ruwa ya duba min. A haka har ya nemi aurena. Na ce masa ya sani ni ba mai zaman ɗaki ba ce muddin ba a gan ka ba, ya ce ya ji ya gani. Yanzu ina Aliero a gidansa, muna da ɗa namiji. Sunanka ya ci. Inna ba ta iya kiran sunan, Mai Sunan Yaya take ce masa kamar yadda nake faɗa.

Na yi na yi da Inna ta dawo wurina, ta ƙi. "In yaz zo ya iske gida ruhe hwa?" Ita ke nan amsarta. Don haka rabin kwanakina a hanya suke ƙarewa, Aliero zuwa Jega, Jega zuwa Katanga. In ina can hankalina na nan, in ina nan hankalina na can.

Sau ɗaya na je da ƙafata. Wani mai kifi ya ce akwai baƙo a bakin kogin Kwara wajen Yawuri mai kama tsuntsun ruwa, ba ya magana da kowa. Garba ya ɗauke ni a gaban mota da goyo a bayana. Muka isa da azahar, aka nuna min shi can a bakin ruwa ya ba mu baya, yana tsugune yana warware raga. Tsawon naka ne, wuyan naka ne. Na cire takalmi na shiga laka har ƙauri ina kiran Yaya. Ya waiwayo. Wani bawan Allah ne da zane a fuska, ko Hausa bai iya sosai ba. Ya ga halin da nake ciki, ya ɗebo ruwa a ƙwarya ya ba ni in wanke ƙafa. Na wanke, muka juyo gida.

Duk wannan ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ga abin da ya sa.

Da daminar da ta wuce wani sa ya ƙwace a kara, wajen cinikin shanu, ya take Malam Ɗan'ige, ya karya masa cinya. Aka kawo shi Aliero wurin masu ɗori, aka kwantar da shi a zauren wani gida da ke kan hanyata ta zuwa niƙa. Na san yana ciki. Nakan ja mayafi in wuce ta ɗaya gefen. Shekarun nan duka ban taɓa gaishe shi ba, shi ma in ya hango ni a kasuwa sai ya sami abin dubawa a kan tukuba.

Ya yi makonni a kwance, ba ya iya ko juyawa sai an juya shi. Sai wata safiya matar gidan ta tare ni ta ce majinyacin nan yana roƙo don Allah in tsaya. Na ce ba ni da abin yi da shi. Na wuce har na kai wajen injin, na ajiye kwano, na kasa tsayawa a layi, na dawo.

Na tsaya daga bakin zaure. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat, ƙafar tana ɗaure da karare. Ya ce in shigo, na ce ina ji daga nan. Ya dubi rufi ya ce, "Rabi, tsuntsayen ba na Ali ba na."

Na ce na sani.

Ya ce ranar ya jira ka ba ka zo ba, kasuwa kuma ta cika. Sai ga wani baƙo a kan keke daga wajen Maiyama da tsuntsaye cike da kwando, an fige, an yanke kawuna, yana bayarwa da araha. Ya ce ya lura naman ya yi duhu, zuciyarsa ta raya masa wani abu, ya danne. Ya gasa. Tsinken farko da ya sauko daga wuta, Nana tana tsaye a gefensa ta kawo masa abinci daga gida, ya miƙa mata.

"Da hannuna nib ba ta," in ji shi. "In koma gida in ce wa uwatta mi? Anka tambaye ni, nid duba wanda za ni aza wa, sai sunan Ali yaz zo bakina. Niy yi zaton kwana biyu za a yi a manta."

Ban yi kuka ba, Yaya. Na daɗe ina tanadin maganganun da zan gaya masa in wannan rana ta zo, amma da ta zo ko ɗaya ban tuna ba. Ya ce in yafe masa. Na ce, "Malam Ɗan'ige, ba ni za ka hwaɗa wa ba. Inda kah hwaɗi waccan, can za ka hwaɗi wagga." Na juya na tafi, na manta kwanona a wajen niƙa sai da aka aiko min da shi.

Ban ɗauka zai yi ba. Amma da ƙafar ta ɗan kama, ya fara takawa da sanda, sai ya sa aka kai shi Jega ran kasuwa. Ya tsaya a layin mahauta inda tukubarsa take, ya ce a saurara, ya faɗi komai da bakinsa, tun daga baƙon keke har tsinken farko. Ina wurin, a bayan mata masu sayar da daddawa. Daga nan ya zo Katanga ya tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar ya maimaita. Mai gari na yanzu, ɗan wancan ne, ya ce kowa ya ji ya shaida, Aliyu ba shi da laifi, duk wanda ya ƙara kiransa da wancan suna zai gamu da shi.

Ka so ka ga mutane. Kowa ya zama dama ya sani. Wannan ya ce shi tun farko bai yarda ba, wancan ya ce ai Ali ko ƙwai bai ci sai ya tambayi kazar. Har wanda ya matsa a sahu ya zo gaida Inna da goro. Na karɓa na ajiye, don Inna ta harare ni.

Matar Malam Ɗan'ige ta kwashe kayanta ta koma gidansu a Jiga Birni ranar da ta ji. Ba wanda ya ga laifinta. Mahauta ba su kore shi ba, amma shi da kansa ya bar wa ƙanensa tukubar.

Ya zo gidanmu. Ya ajiye sandarsa a ƙofa, ya ja jiki ya durƙusa a gaban Inna da wannan ƙafar da ba ta gama warkewa ba. Ya roƙe ta gafara yana kuka kamar yaro. Inna ta bar shi ya gama. Sannan ta ce, "Allah shi jiƙan ɗiyarka, Ɗan'ige. Nawa na yahe. Amma ni ɗana nika so."

Ga shi an wanke ka, kai kuma ba ka sani ba. Wannan ne ya hana ni sukuni fiye da da. Da can ina nemanka ne in ce ka dawo ka jure. Yanzu ina da abin da zan gaya maka, na rasa inda zan kai shi. Nakan tuna wataƙila a wannan sa'ar kana wani gari ka canja suna, in ka ji an ce ga mutumin Jega sai ka sauya hanya. Wataƙila shi ya sa duk cigiyata ba ta same ka ba, wataƙila ta same ka kai ne ka kauce. In haka ne ban ga laifinka ba. Amma yanzu ba sauran abin gudu.

Ban ce maka komai yana nan yadda ka bar shi ba. Kekenka ya yi tsatsa, na ba wani ya gyara yana hawa. Ɗakinka damina ta ci bangon gabas, Garba ya sa an yaɓe. Har yanzu akwai masu watsa magani a gonakin rani, ko da yake tun abin da ya faru ba mai tsintar tsuntsu a ƙasa ya kai kasuwa. Ba kuma wanda ya gaje ka a gulbi. Ban sani ba ko kana son komawa ga raga, ko ka sami wata sana'a, ko kana da mata da 'ya'ya a inda kake. In kana da su ka zo da su, gidan zai ɗauke ku. In zaman can ya fi maka, ka zo Inna ta ji muryarka, ta dafa kanka, ka koma. In ma ba ka iya zuwa, ka aiko da wanda zai ce ya gan ka da idonsa.

Saura abu ɗaya, kuma na daɗe ina juya shi kafin in rubuta.

An kwafe min takardar nan da yawa, Garba zai raba wa abokan aikinsa masu zuwa kudu da gabas. Amma ta ainihi, wadda na rubuta da hannuna, Malam Ɗan'ige ne zai ɗauka. Shi ya roƙa. Ya ce ba shi da sauran aiki a Jega, zai bi motocin albasa, duk garin da ke da ruwa ya sauka ya bi bakinsa da sandarsa har ya same ka ko ƙafar ta ƙi. Na ƙi da farko. Na ce ban yarda mutumin da ya kore ka ya riƙe abin da na rubuta maka ba. Inna ce ta ce in ba shi, ta ce direba yana da kaya da lokaci, wannan kuwa ba abin da zai sa ya juyo.

Don haka in wata rana ka ɗaga kai ka ga tsoho mai ɗingishi yana nufo ka da takarda a hannu, shi ne. Bai iya karatu ba, bai san abin da ke ciki ba, bai kuma tambaya ba. Ban rubuta ka yafe masa ba, Yaya. Wannan naka ne, ba wanda zai karɓa maka, ba wanda zai tilasta maka. Abin da nake roƙo kaɗai shi ne kada ka tashi ka bar wurin kafin ya iso. Ba ya sauri yanzu. Ka jira shi.

Allah ya tsare ka a duk inda kake, ya ba ka abinci na halal da maƙwabta na gari. Allah ya sa kana cikin masu rai. Allah ya jiƙan Baba, ya jiƙan Nana, ya ara wa Inna kwana har ta gan ka. In kuwa ka riga mu, Allah ya sa ka ji a can cewa an faɗi gaskiya a kasuwar Jega da rana tsaka. Amin.

Inna ta ce in gaya maka ba ta yi fushi ba.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Rabi, daga Aliero.